Ciwon da Ke Jira Sai Rana ta Biyar

A tsakiyar watan Fabrairun 2021 aka yi wa wata ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 49 allurar rigakafin korona ta kamfanin AstraZeneca a ƙasar Austriya. Lafiyarta ƙalau kafin nan. Kwanakin farko ta ji abin da kusan kowa ke ji: kasala, ciwon jiki, ɗan ciwon kai. A rana ta biyar, lokacin da ya kamata a ce duk wannan ya wuce, sai sanyi da zazzaɓi suka rufe ta, ga tashin zuciya, ga ciwo a saman ciki. Rana ta goma aka kwantar da ita a asibiti. Rana ta goma sha ɗaya ta rasu.

Mutuwa ba baƙuwa ba ce a asibiti. Abin da ya tsaya wa likitocin a rai shi ne sakamakon gwajin jininta, domin ya nuna abubuwa biyu da bai kamata su haɗu a jikin mutum ɗaya ba. A cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da likitoci ke kira filetilet, aikinsu tsai da jini. In reza ta yanke ka, su ne ke rugawa bakin ciwon su manne da juna su toshe kafar. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon jinin da bai wuce girman kan allura ba. Nata 18,000 ne. Wanda nasa ya faɗi haka, zubar jini ake ji masa tsoro: haɓo, jinin dasashi, tabo-tabo a fata. Amma hoton da aka ɗauke ta ya nuna gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji zuwa hanta, ga wasu gudajin a huhu, binciken gawa kuma ya gano wani a jijiyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa. Kamar a ce maka magina sun ƙare a gari, amma kullum ka wayi gari sai ka tarar an gina katanga a tsakiyar titi.

Likitocin sun yi abin da littafi ya ce. Filetilet ya yi ƙasa, aka ƙara mata. Jini ya daskare, aka ba ta hefarin, maganin tsinka jini da ake samu a kusan kowane babban asibiti. Babu wanda ya cece ta. A riƙe sunan wannan magani, zai sake ɓullowa.

Tambayar farko ita ce ko allurar ma tana da hannu. Wannan tambaya ta fi yadda mutane ke zato wuya. Daskarewar jini a jijiya tana kama kusan mutum ɗaya ko biyu cikin kowane dubu a shekara, da allura ko ba allura. In ka yi wa mutum miliyan goma allurar ruwan gishiri ma, a makon da zai biyo baya wasu za su kwanta da gudan jini a ƙafa, wasu za su mutu, kuma danginsu za su rantse allurar ce. Faɗuwa takan zo daidai da zama. Saboda haka abin da hukumomin Austriya suka fara zargi shi ne abu mafi sauƙi: ƙila rukunin kwalaben da aka yi mata daga ciki ne ya gurɓace. Ranar 7 ga Maris suka dakatar da wannan rukuni mai lamba ABV5300. Ranar 11 ga wata Danmak ta dakatar da allurar gaba ɗaya, Nowe ta bi sahu a ranar.

Mu nan ba kallo kawai muke yi ba. Ranar 2 ga Maris jirgi ya sauka a Abuja da allura kusan miliyan huɗu ta wannan rigakafin, wadda kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa, ta hannun shirin COVAX. Gana ta riga mu karɓar nata tun 24 ga Fabrairu. Shugaba Buhari ya miƙa dantsensa a gaban kyamara ranar 6 ga Maris. Da labarin Turai ya iso, hukumomin lafiyar Najeriya suka ce rukunin da ake zargi bai shigo ƙasar ba, aka ci gaba da aiki. Maganar gaskiya ce, sai dai nan gaba kaɗan za a gane ba a rukunin matsalar take ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta bincika, ta ce ba ta ga wata shaida da ke nuna laifin wani rukuni ko wata masana'anta ba. Zargi na farko ya faɗi.

Hukumar ta kuma ƙirga dukkan waɗanda jininsu ya daskare bayan allurar, ta ga adadinsu bai wuce abin da aka saba gani a cikin jama'a ba. Wannan lissafi daidai ne, kuma shi ne ya kusa ɓatar da sawun. In ka zuba tsakuwa bakwai a buhun gero ka ɗora a sikeli, nauyin ba zai nuna maka komai ba. Sai ka rairaya. Cibiyar Paul Ehrlich ta Jamus, mai sa ido a kan rigakafi, ita ta rairaya. Ta ware nau'i ɗaya tak, wato toshewar jijiyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Cikin mutum kusan miliyan 1.6 da aka yi wa allurar, a ɗan wannan lokaci kamata ya yi a samu kamar mutum ɗaya. Ta samu bakwai. Ranar 15 ga Maris Jamus ta dakatar, Faransa da Italiya da Sifen suka bi ta. A Oslo kuwa, ma'aikatan lafiya biyar, masu shekara 32 zuwa 54, sun kwanta a asibiti ɗaya da irin wannan ciwo, uku ba su tashi ba. Dukansu kwana bakwai zuwa goma bayan allura.

Aka koma zargin mata da magungunan tsarin iyali, tunda an san wasunsu kan ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma cikin marasa lafiya goma sha ɗaya na farko da aka tattara a Jamus da Austriya, tara mata ne. Amma su wa aka yi wa allurar tun farko? Jamus ta fara ne da hana yin ta ga 'yan shekara 65 zuwa sama, saboda haka ta tafi ga ma'aikatan jinya da malaman makaranta, waɗanda galibinsu mata ne. Da Birtaniya, wadda ta yi wa kowa da kowa, ta tattara nata marasa lafiya 220, sai aka ga maza da mata kusan rabi da rabi ne. Wannan zargin ma ya ruguje.

Abin da ya rage a hannu shi ne kwanan wata, kuma a ganina nan ne ainihin bakin zaren. Kowace illar rigakafi da agogonta, agogon kuma yakan faɗa maka wane sashe na jiki ne ke aiki. Wanda jikinsa bai jituwa da wani sinadari na cikin allura, cikin mintoci abin ke tasowa: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, domin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki sun zazzage sinadarin histamin a lokaci guda. Kusan sau ɗaya cikin allura miliyan ake ganin haka, kuma shi ya sa ake cewa ka zauna a benci na ɗan lokaci kafin ka tafi, inda allurar adirenalin take kusa. Ciwon dantse da zazzaɓin daren farko, irin wanda ke hana uwa barci bayan an yi wa jaririnta allurar Penta, wannan aikin masu gadin ƙofa ne. Sun ga baƙo, sun saki sinadaran kururuwa cikin jini, saƙon ya kai ga sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, shi kuma ya ƙara wuta. Kwana ɗaya ko biyu ya lafa. Allurar ƙyanda ta wata tara tata dabi'ar daban ce: ƙwayar cutar da ke ciki rayayya ce amma an raunana ta, sai ta ɗauki lokaci tana hayayyafa, saboda haka in zazzaɓi ko ɗan ƙurji zai zo, sai bayan kwana bakwai zuwa goma sha biyu, lokacin da uwa ta riga ta manta da allurar har tana zargin haƙori. Allurar BCG ta fi kowa jan ƙafa: makonni kafin ƙurjin ya fito ya fashe ya bar tabon nan da yawancinmu ke ɗauke da shi a dantse.

To ciwon da ba ya zuwa a rana ta farko ko ta biyu, sai daga ta biyar zuwa sama, cikin allurar da ƙwayar cikinta ba ta iya hayayyafa, me yake nufi? Guba ba ta jira haka. Gurɓataccen ruwa ba ya jira haka. Abin da ke buƙatar kwanaki kafin ya taru a jini shi ne antibodi, makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa musamman domin abokin gaba ɗaya. Siffarsa kamar gwafa ce: hannuwa biyu masu kama abin da aka ƙera su dominsa, da ƙafa ɗaya mai kiran sauran mayaƙa. Ke nan jikin marasa lafiyar ne da kansa ke ƙera abin da ke kashe su.

Wata likitar jini a Biyena, Sabine Eichinger, tana cikin waɗanda suka duba lamarin ma'aikaciyar jinyar. Filetilet ƙasa, gudaji a wuraren da ba a saba ba, jinkiri na kwana biyar zuwa goma: ta san cuta ɗaya mai wannan kama. Sai ta tuntuɓi Andreas Greinacher, wani farfesa a Greifswald, ƙaramin garin jami'a a gaɓar tekun Baltik a arewa maso gabashin Jamus, wanda ya shafe kusan shekara talatin a kan wannan cuta guda. Irin mutanen nan ne da ake ganin sun ƙare rayuwarsu a lungu, har ranar da duniya ta buƙaci lungun.

Cutar da ya ƙware a kanta illar hefarin ce, maganin da na ce a riƙe sunansa. Filetilet na ɗauke da wani ƙaramin furotin mai suna PF4, wanda ke da cajin lantarki na fozitif. Hefarin kuwa doguwar igiya ce mai cajin negetif. In sun haɗu a jini sai su manne kamar mayen ƙarfe da ƙusa, igiyar ta tsire PF4 da yawa a jere kamar tsiren nama. A jikin wasu 'yan tsirarun mutane, garkuwar jiki takan ɗauki wannan tsire a matsayin baƙo ta ƙera masa antibodi. Antibodin ya kama tsiren da hannuwansa, ƙafarsa kuma ta taka wani makunni a jikin filetilet. Filetilet ya zabura, ya manne da ɗan'uwansa, ya kuma saki ƙarin PF4, wanda ke jawo ƙarin antibodi. Wuta ta samu iska. A nan ne amsar katangar tsakiyar titi take: maginan ba ƙarewa suka yi ba, suna cikin katangar. Filetilet ya yi ƙasa a gwaji ne saboda an cinye shi wajen gina gudajin.

Da samfurin jinin ya isa Greifswald, gwajin neman antibodin PF4 ya nuna shi da ƙarfi ƙwarai. A Oslo, Pål André Holme da abokan aikinsa sun ga haka a nasu marasa lafiyar, suka sanar ranar 18 ga Maris. Greinacher ya sanar washegari. A Landan, likitar jini Marie Scully ta gwada wata marar lafiyarta a kan zato, ta samu abu guda. Wurare uku, amsa ɗaya. Sai dai amsar ta zo da sabuwar matsala, domin babu ko ɗaya cikin marasa lafiyar da ya taɓa karɓar hefarin kafin ciwon ya fara. Ga illar magani, ba maganin. Abin ya ƙara ɗaure kai a kwalbar gwaji. A cutar da aka sani, in ka ɗiga hefarin kaɗan a kan ruwan jinin marar lafiya, filetilet yakan ƙara haukacewa. A wannan sabuwar, ɗiga hefarin sanyaya su yake yi, ƙara PF4 zalla kuwa shi ke tayar da su. Har ƙananan gwaje-gwajen gaggawa da asibitoci ke amfani da su domin illar hefarin sukan ce babu komai a jinin da ke cike da antibodin. Kama da wane dai ba wane ba ne. Ranar 9 ga Afrilu rahotannin Jamus da Nowe suka fito a mujallar likitanci ta New England, cutar ta samu suna, VITT a taƙaice.

Likita ba ya jiran a gama warware kowane ƙulli kafin ya yi magani, kuma abin da aka sani ya isa a juya littafin. Ƙara wa irin wannan marar lafiya filetilet zuba itace ne a wuta, aka ce a guje shi sai dole. Aka koma ga magungunan tsinka jini da ba hefarin ba, bisa taka-tsantsan, ko da yake bayanan da suka taru daga baya sun nuna hefarin bai yi ɓarnar da aka ji tsoro ba. Babban makamin shi ne ƙarin ruwa na antibodin da aka tace daga jinin dubban masu ba da gudummawa, giram ɗaya ga kowane kilo na nauyin mutum, kwana biyu. Dabarar mai sauƙi ce: waɗannan antibodi marasa cutarwa su cika makunnan da ke jikin filetilet, kamar fasinjoji sun cika kujerun mota, mai neman fitina ya zo ya rasa wurin zama. Aka kuma sanar da jama'a alamomin da za su kai su asibiti in sun zo daga kwana huɗu ko biyar bayan allura: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi, ciwon ciki mai naci, kumburin ƙafa, sarƙewar numfashi, jajayen ɗigo-ɗigo a fata. Cikin sha ɗayan farko, shida sun mutu. Cikin 220 na Birtaniya, kashi 22 cikin ɗari. A Ostireliya, inda aka yi yawancin alluran bayan an san abin da za a nema, mutum 8 cikin 173, ko da yake wani ɓangare na wannan bambanci ya zo ne daga gano masu sauƙin ciwon da a da za su wuce ba a lura ba.

Me ya sa gwajin allurar na farko bai ga wannan ba? Lissafi ne. Ƙididdigar Birtaniya ta nuna kusan mutum ɗaya cikin 50,000 a 'yan ƙasa da shekara 50, ɗaya cikin 100,000 a waɗanda suka haura. Gwajin da aka yi da mutum dubu ashirin da 'yan kai, rabinsu ma ba su karɓi ainihin allurar ba, ba shi da ragar da za ta kama wannan kifi. Ƙasashe kuma kowa ya auna da ma'auninsa. Danmak, mai wasu alluran a ajiye, ta bar ta kwata-kwata ranar 14 ga Afrilu. Birtaniya ta ci gaba da yi wa manya, ta ba 'yan ƙasa da 30 wata, daga baya 'yan ƙasa da 40. Ƙasashen da ba su da zaɓi na biyu a firiji suka ci gaba. Ban ga wanda ya yi wauta a cikinsu ba. Tambaya ɗaya ce da amsarta ta dogara da shekarun mutum, da yawan korona a garinsu, da abin da ke akwai.

Saura babbar tambaya: me ke cikin allurar da ke tayar da wannan antibodi? Da yawa sun nuna yatsa ga furotin mai kama da ƙaya na ƙwayar korona, wanda allurar ke sa jiki ya ƙera. Amma alluran Pfizer da Moderna ma shi suke sa a ƙera, an yi wa ɗaruruwan miliyoyi, ba a ga wannan cuta tana binsu ba. Sai ranar 13 ga Afrilu Amurka ta dakatar da allurar Johnson & Johnson na ɗan lokaci, bayan mata shida cikin kusan allura miliyan 6.8 sun kamu da ciwo iri ɗaya sak. Abin da ya haɗa ta da ta AstraZeneca, ya raba su da sauran biyun, shi ne abin hawa. Dukansu biyu suna ɗora saƙonsu ne a kan wata ƙwayar cuta mai suna adenobairas da aka cire wa ikon hayayyafa: Jami'ar Oxford ta yi amfani da na birin cimfanzi, Johnson & Johnson da wani na ɗan'adam da ba kasafai ake haɗuwa da shi ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ba saƙon ba ne, ɗan aiken ne.

Daga nan bincike ya rage gudu, ya koma na shekaru. A watan Yulin 2021, ƙungiyar Ishac Nazy a Jami'ar McMaster ta Kanada ta gano daidai inda antibodin ke kama PF4: wani ɗan fili ne na tubalan furotin takwas, kuma a nan ne hefarin ke kamawa. Wannan ya warware ƙulli biyu a lokaci guda. Ba a buƙatar hefarin domin antibodin da kansa ne ke aikin igiyar, yana tara PF4 wuri ɗaya. Hefarin kuma na sanyaya abin a kwalba ne saboda su biyun kujera ɗaya suke rububi. A watan Disamba masu bincike a Cardiff da Arizona suka nuna cewa fatar wajen adenobairas ɗin tana da cajin negetif, PF4 na iya manne mata. Jaridu sun yi ta yayata wannan, kuma bayanin na da daɗin ji, amma bai amsa abin da ya fi damun kowa ba. Bairas ɗin guda ne a kowace kwalba, kowa na da PF4. Don me sai ɗaya cikin dubu hamsin?

Amsar ta fara fitowa daga Adelaide a Ostireliya, inda Tom Gordon da Jing Jing Wang na Jami'ar Flinders suka ƙware wajen tsamo antibodi daga jini su karanta tubalansa ɗaya bayan ɗaya. A bisa al'ada, in mutum biyu suka ƙera antibodi domin abu ɗaya, kowa da irin nasa, kamar maƙera biyu da aka ba aikin makulli. A 2022 suka ga na marasa lafiyar VITT da ba su haɗa dangi ba kusan zubi ɗaya ne, kuma duk daga sigar ƙwayar gado guda, mai lamba IGLV3-21*02. Ke nan akwai rabon gado a ciki. Sai dai mutane masu ɗimbin yawa na ɗauke da wannan siga suna yawo lafiya, saboda haka gadon kaɗai bai isa ba.

Shaida ta gaba ta zo daga inda babu allura sam. A 2023 Theodore Warkentin na McMaster, tare da likitoci a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara biyar da ya rasu da gudan jini a ƙwaƙwalwa, da wata mata 'yar shekara 58, dukansu bayan kamuwa da adenobairas na gama-gari, irin mai kawo mura da ciwon maƙogwaro. Jininsu na ɗauke da antibodin PF4 irin na VITT. A 2024 aka gwama tubalan antibodin masu ciwon bayan mura da na masu ciwon bayan allura, aka ga tambari ɗaya ne. Wannan ya wanke furotin korona, ya wanke sinadaran da ake haɗa allura da su, ya wanke masana'anta. Ya kuma nuna cutar ta girmi allurar. Tana nan tun da, tana ɗaukar mutum ɗaya nan ɗaya can ba tare da an san sunanta ba, sai da aka ba miliyoyi bairas ɗin a 'yan makonni sannan ta taru wuri guda har ido ya gan ta.

Akwai kuma wani abu a agogon da tun farko ya dami masana. Jikin da bai taɓa ganin abokin gaba ba yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya tara irin wannan antibodi da yawa. Rana ta biyar ta yi wuri. Wannan saurin na wanda ya taɓa gamuwa da baƙon ne, ya tuna fuskarsa. Kusan kowa ya sha adenobairas tun yana yaro. An zaɓi na cimfanzi ne domin rigarsa baƙuwa ce ga garkuwar ɗan'adam, kada a tare shi a ƙofa kafin ya isar da saƙo. Amma riga kawai aka canja. A can ciki, inda bairas ke naɗe ƙwayoyin gadonsa, akwai wani furotin mai suna pVII wanda bai bambanta sosai ba tsakanin dangin adenobairas, kuma wani ɗan yanki nasa ya yi kama da filin nan na PF4 da antibodin ke kamawa.

A watan Fabrairun 2026 ƙungiyoyin Adelaide da Greifswald da McMaster suka haɗa guntayen a rahoto ɗaya. Mai ɗauke da waccan sigar gado, ko 'yar'uwarta ta kusa, ya taɓa yin mura yana yaro, jikinsa ya ƙera antibodin pVII ya ajiye zubin. Allura ta zo, ko wata sabuwar mura, aka tashi tsofaffin maƙeran. Su kuwa ƙwayoyin da ke ƙera antibodi suna da wata ɗabi'a: duk sanda suke hayayyafa sukan yi 'yan canje-canje na kan-mai-uwa-da-wabi a zubin, kamar mai gyaran makulli yana goga haƙori nan yana goga can, ko za a dace da wanda ya fi shiga. Yawanci wannan alheri ne, da shi garkuwa ke ƙara kaifi. Amma a jikin mutum ɗaya cikin dubbai masu yawa, gugar takan faɗa a gurbi na 31, ta cire tubali mai cajin fozitif mai suna laisin ta sa mai cajin negetif mai suna gulutamik asid. PF4 kuwa fozitif ne. Makullin da aka yanka domin ƙofar baƙo sai ya buɗe ta gida.

Allurar AstraZeneca ba ta kai ga jin wannan hukunci tana kasuwa ba. Kamfanin ya janye ta a watan Mayun 2024, yana cewa sababbin allurai sun rage buƙatarta, bayan an rarraba fiye da biliyan uku. Amma adenobairas a matsayin ɗan aike bai yi ritaya ba, akwai allurar Ebola da aka gina a kansa, kuma yanzu masu ƙera rigakafi sun san wane yanki na pVII ne za su nemi sauyawa.

Masu binciken sun yi gwaji na ƙarshe domin su tabbatar ba labari mai daɗi kawai suka tsara ba. Suka ƙera antibodin marasa lafiyar a ɗakin gwaji, suka ga yana daskarar da jinin ɓeraye. Sannan suka mayar da tubali na 31 yadda yake tun asali, ba su taɓa komai ba ban da shi. Antibodin ya sassauta riƙon da ya yi wa PF4, ya daina tayar da gudaji, ya koma ya kama furotin ɗin bairas.